Tsohon da ya zaga da ni birnin Bahiya

A Maijirgi aka haife ni. Ubana manomi ne, amma ni tun ina saurayi zama wuri ɗaya bai karɓe ni ba. Kawuna falke ne, yana kai kanwa da fatu kudu, ya komo da goro, shi ya sa ni cikin ayarinshi. Na yi shekaru ina kora jakuna a bayanshi, har wata shekara muka zarce Ilori muka isa Ikko, bakin ruwan gishiri. Can ciwon ciki ya kwantar da kawu, bai tashi ba. Ayari ya juya gida, ni na tsaya, don ban san da wane baki zan faɗa wa uwata ƙanenta ya rasu ba.

A Ikko akwai wasu baƙaƙen fata da suka komo daga bauta a ƙetaren teku, ana ce masu Aguda. Ɗaya cikinsu attajiri ne, yana aika goro da zannuwan saƙi da manja zuwa birnin da ya baro, wato Bahiya, a ƙasar Barazil. Goro kuwa ba a barinshi shi kaɗai a doguwar tafiya. Sai ana kwance huhu, ana tsince wanda ya fara lalacewa, ana yayyafa wa ganye ruwa. Yana neman wanda zai bi kayan cikin jirgi, aka kai mashi ni. Na ce ina tsoron in je a sayar da ni. Ya ce an hana bauta can, ba a daɗe ba, amma an hana. Na yi istihara, na shiga.

Ba zan tsawaita zancen teku ba. Na yi amai har na fid da rai, daga baya na saba. Jirgin na iska ne, wata rana ya yi gudu, wata rana ya tsaya cik kamar an kafe shi. Wata safiya matuƙa suka fara ihu suna nuni, na fito na duba.

Birni ne hawa biyu. Ɗaya a ƙasa bakin ruwa, ɗaya a bisa kan wani dogon tudu mai gangare kamar bango, gidaje farare da ja da rawaya sun jeru a bakin tudun kamar za su faɗo kan na ƙasa. Tsakiyar ruwa ga wani gini zagayayye na dutse, bakunan manyan bindigogi sun leƙo daga jikinshi. Ni da na ɗauka na ga duniya don na ga Kano da Ikko, sai na ji na koma ɗan ƙauye.

Da aka fara sauke kaya, wani ɗan dako ya jefar da huhun goro ƙasa kamar damin kara. Ban san lokacin da na daka mashi tsawa da Hausa ba.

"Kai, bawan Allah, a hankali! Goro ne!"

Bai ji abin da na ce ba, ya wuce. Amma can gefe, inda ƴan dako ke zama su jira aiki, wani tsoho da ke saƙa malafa ya ɗaga kai.

"Wa ya ce goro?"

Ya taso yana ɗingishi, ya kama hannun rigata. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, gemunshi fari fat. Hausarshi irin ta kakata ce, sai dai ta yi giɓi, yana magana yana tsayawa neman kalma.

"Ɗana, daga ina?"

"Daga ƙasar Tasawa, Baba."

Ya sake ni, ya zauna ƙasa nan inda yake, cikin ƙafafun mutane. Sa'an nan ya ce, "Tasawa tana nan?"

Na ce tana nan.

Na damƙa goro ga wani ɗan'uwan attajirin da ke can, aka ba ni wurin kwana a bayan shagonshi. Ba ni da sauran aiki sai jiran jirgi ya yi lodin taba da sukari, aka ce kuwa zai ɗauki lokaci. Tsohon ya ce shi zai nuna mani gari. Babu lungun da bai sani ba, don yawancin rayuwarshi ɗaukar mutane ya yi. Akwai wata kujera mai labule da ake rataye wa a sanda, mutum biyu su saɓa a kafaɗa, su hau tudu da mai gida ko uwar gida a ciki. Da fari ya yi wa ubangijinshi, daga baya ya fanshi kanshi ya ci gaba da yi don kanshi, har gwiwoyi suka gaza.

Inda ya fara kai ni shi ne ɗakin da ke hawa da mutane. Wata doguwar hasumiya ce jingine da tudu. A shiga wani ɗan ɗaki a ƙasa, a rufe ƙofa, sai ka ji ƙasa tana ture ka sama. Na damƙe kafaɗar tsohon ina salati, mutanen ciki suna dariya. Aka buɗe ƙofa, sai ga mu a birnin bisa.

"Wannan abin shi ya kashe mana sana'a," in ji shi. "Amma ban ji haushi ba. Da ma ya zo tun ina da gwiwa."

Daga nan ana ganin ruwa har iyakar ido, jirage sun zama kamar ƙwarya a tafki. Na tsaya baki buɗe. Shi ko bai dubi ruwan ba, ni yake kallo.

"Ɗana, har yanzu gawo yana zubar da ganye da damina?"

"Yana yi mana, Baba."

"Alhamdu lillahi. Na faɗa wa ɗiyata akwai itacen da ke tuɓewa lokacin ruwa, ya yi ganye da rani, ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Har na soma zaton ko mafarki na yi."

Na yi dariya na ce gaskiya ya faɗa, na juya ga kallona.

Haka muka riƙa yi kullum. In na yi asuba sai in tarar da shi bakin shago da malafarshi. Hanyoyin birnin an daɓe su da duwatsu, ƙunci gare su, suna hawa suna gangarawa, ba inda ƙafa za ta huta. Gidaje hawa uku, hawa huɗu, mata na leƙe daga tagogin bisa. Wasu bangaye an lulluɓe su da faranti masu sheƙi, fari da shuɗi, an zana mutane da jirage da itatuwa a jiki, na shafa na ji sanyi kamar tulu. Na ga alfadarai suna jan wani dogon ɗaki a kan ƙarfe biyu, mutane zaune ciki suna hira. Ƙararrawa kuwa ba ta shiru. Wannan majami'a ta kaɗa, waccan ta amsa, har kai ya yi nauyi. Ruwan sama kan sauko ba gargaɗi, ya wanke hanya, rana ta fito, ƙasa ta yi ta hayaƙi.

A wata kusurwa na ji ƙamshin da na sani. Wata mata ce mai babban ɗankwali da zanen saƙi a kafaɗa, irin wanda muka kawo, tana suya cikin manja. Na leƙa kasko.

"Baba, ai ƙosai ne!"

"Shi ne. Ya riga ni zuwa nan."

Muka tsuguna muka ci, da barkono mai zafin gaske. Yana ci yana tambaya ko har yanzu Filani na kawo nono kasuwa, ko ana dama fura da ludayin duma, ko ƴan mata na yin gaɗa bayan girbi. Ya ce tun da ya ƙetaro bai sa hatsi a bakinshi ba, ba a nomanshi can, garin rogo suke ci. Na amsa mashi duka, amma gajeruwar amsa. A lokacin ban ɗauki fura abin hira ba. Wa zai tsaya zancen ludayi ga ɗaki yana hawa sama?

Wata rana ya kai ni bakin wata majami'a da ya ce ba ta da na biyu a birnin. Daga waje ba ta fi sauran ba.

"Shiga ka gani. Ba mai hana ka."

"Kai fa?"

"Ni nan nake tsayawa. Nan muke ajiye kujera mu jira uwar gida ta fito. Ga dutsen da nake zama."

"Ba ka taɓa shiga ba?"

"Ban taɓa ba. Je ka, ka zo ka ba ni labari."

Na tuɓe takalma don ladabi na shiga. Duk abin da zan faɗa bai kai ba. Bango zinariya, ginshiƙai zinariya, rufi zinariya, an sassaƙa ganyaye da tsuntsaye da fuskokin jarirai, ba inda za ka sa tafin hannu ka taɓa fili. Kyandira na ci, hasken yana yawo a jikin bango kamar wurin yana numfashi. Tsoro ya kama ni, sha'awa kuma ta hana ni fita. Da na fito na zauna kusa da shi ina ta zuba, ina kwatance da hannu. Ya saurara har na gama.

"To," in ji shi. "Ashe haka take."

Muka gangara ta wani fili mai karkata, gidaje masu kyau kewaye da shi. Na ce wannan wuri ya yi kyau. Ya ce i, ya yi, da can nan ake ɗaure bayi a yi masu bulala a gaban jama'a, amma an cire turken tun kafin zuwanshi, an mai da abin cikin gida. Ya faɗa ne kamar mai nuna rijiya. Muka wuce.

Ranar wata Juma'a ya kai ni gidanshi, ɗaki biyu ne a wani lungu bayan gari. Matarshi ta rasu, yana zaune da ɗiyarshi mai wankau. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa, ta gaishe ni tana dariyar kunya, ta kawo mana wake da kifi da garin rogo. Da la'asar ta yi ya shimfiɗa buzu ya ce in ja mu salla.

"Baba, kai ne babba."

"Karatuna ya sha ruwa, ɗana. Mu Musulmin da muka rage tsofaffi ne, kowa na gyara wa ɗan'uwa da abin da ya tuna. Ina so in ji na gida."

Bayan mun sallame ya ba ni labarinshi, sau ɗaya ke nan da ya yi. Yana yaro, bai fara azumi ba, shi da yayarshi suna korar tsuntsaye a gona hatsi ya kusa nuna. Mahara suka ɓullo. Ita ta faɗa cikin hatsi ta ɓace, shi aka sure shi. Daga hannu zuwa hannu har bakin teku. Ya faɗa mani sunanshi na yanka da na ubanshi, sunaye ne da ba gidan da babu su a ƙasarmu. Sunan garin kuwa ya faɗa iri biyu, ya ce bai tabbata ba ko ɗayan sunan rijiyarsu ne. Abin da ya riƙe kawai, arewa da Tasawa yake.

Na ce ya zo mu tafi tare, zan roƙa mashi wuri a jirgi.

Ya girgiza kai. "Da wace gwiwa? Kabarin matata na nan, ɗiyata na nan. In na je ma, wa zan tarar? Kai dai in ka koma ka tambaya. In akwai sauran ɗan gidanmu, ka ce ban mutu a hanya ba, kuma ban bar salla ba."

Na ce to mu zauna ya tuno mani duk abin da zai taimaka, sunayen maƙwabta, kamannin gari, sana'ar gidansu. Ya ce, "Sai wata rana. Yau ƙirjina ya yi nauyi." Washegari na tuna mashi, ya ce, "Bari ka gama ganin gari tukuna, baƙo ne kai. Ba ka ga hasumiyar wuta ba." Muka tafi can bakin teku inda ake kunna wa jirage fitila, tafiya mai nisa, muka komo a gajiye. Bayan nan wata majami'a ce kan tudu, bayanta kasuwar kifi. Kullum akwai abin da ban gani ba, shi yana jin daɗin nunawa, ni ina jin daɗin gani. Ina jin ya fi mashi sauƙi ya nuna mani duwatsun Bahiya da ya tono waccan gona. Ni kuma ban matsa ba, don a zuciyata na gama shirya zan dawo da jirgi na gaba.

Ranar tashi ya raka ni bakin ruwa. Na ba shi goro fari daga wanda na ɓoye wa kaina, ya ba ni malafar da ya saƙa.

"In za ka dawo, ka zo mani da hatsi ko cikin tafin hannu."

"In Allah ya so, Baba."

Allah bai so ba. Ina sauka Ikko na haɗu da fataken ƙasarmu, suka ce uwata na kwance, kullum tana tambaya ko an gan ni. Na bi su. Na same ta da rai, muka yi damina ɗaya tare. Bayan rasuwarta ubana ya gaza, gona ta koma hannuna, aka yi mani aure, ƴaƴa suka zo. Ban sake ganin teku ba.

Na tambaya, kamar yadda ya ce. Duk kasuwar da na ci, daga Tasawa har wajen Mayahi, sai na kawo zancen. Sunayen garin biyu ba wanda ya san su, wasu suka ce ko cikin garuruwan da suka tashi ne suka bar kufai. Gidajen da aka sace wa yaro a gona kuwa sun fi a ƙirga. Mutane ma ba wannan suke so su ji ba. Ɗaki mai hawa suke so, da gidan zinariya. In na faɗa su yi ta dariya, wani ya ce ɗan falke ya sha ruwan gishiri ya juya mashi kai. Tun ina rantsuwa har na bari.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana bayan girbi ina gyaran rumbu, sai ga wani magidanci ya yi sallama, yana jaye da jaki, wata tsohuwa a bisa. Ya ce daga wani ƙauye suke arewa da Mayahi, uwarshi ce, ta ji labarina a bakin masu zuwa kasuwa, ta hana kowa sakat sai an kawo ta. Aka sauke ta a inuwa, matata ta kawo ruwa. Ƙanƙanuwa ce, idanunta sun fara fari.

"Kai ne ka ga mutumin ƙasar nan a bayan teku?"

"Ni ne, Inna."

Ta ce an sace ƙanenta suna korar tsuntsaye, ita ta tsira cikin hatsi. Ta faɗi sunanshi, ya zo daidai. Na ubansu ma ya zo daidai. Na faɗa mata sunayen garin biyu, ta ce ba ta san su ba, garinsu na da can wani suna gare shi dabam.

"Bahago ne?" in ji ta. "Ƙanena bahago ne. An doke shi an gaji, ya ƙi ci da dama."

Na rufe ido. Na ga kaskon ƙosai, na ga ɗankwalin mai suya, har launinshi. Na ga kwanon wake a gidanshi. Hannun da ya sa cikin kwanon ne ban gani ba.

"Ban lura ba, Inna."

"Yana da ƙuna a dunduniya. Ya taka garwashi yana rarrafe."

Na yi salla kusa da mutumin nan, ƙafarshi ba takalmi. Na bi bayanshi a kan tudu ba iyaka. Na ce, "Yana ɗingishi, amma ya ce gwiwa ce."

Ɗanta ya dube ni, na gane abin da yake roƙo da ido: in ce shi ne, a huta. Bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Allah ne masani."

Ta riƙa murza bakin zanenta. Na zaci za ta yi kuka, ko ta ce a mai da ta kan jaki. Sai ta gyara zama.

"To ba ni labarin garin."

Na fara da ɗaki mai hawa, yadda na saba. Ta ɗaga hannu.

"Ba wannan ba. Ana ruwa can?"

"Ana yi, Inna, har ya yi yawa."

"Yana ƙoshi?"

Na ce yana ƙoshi, na faɗa mata waken da kifin, da ƙosan da muka ci a tsugune. Ta tambayi ɗakinshi, ko yana yoyo. Ta tambayi ɗiyar, ko tana da kirki, ko ta yi aure, wa take kama. Ta tambaya in Musulmi ya mutu can wa ke yi mashi wanka. Wasu na amsa, da yawa na ce ban sani ba. Ban taɓa jin ƙarancin abin da na kawo daga waccan tafiya ba kamar ranar. Daga ƙarshe na isar da saƙon, na ce ko nata ne ko ba nata ba, ga abin da ya ce: bai mutu a hanya ba, kuma bai bar salla ba.

Ta sa na maimaita. Sa'an nan ta ce, "Na karɓa. In ba nawa ba ne, na riƙe wa mai shi."

Suka kwana gidana, da safe suka kama hanya. Da damina ta kewayo na ji ta rasu, na je gaisuwa. Ɗanta ya ce tun da suka koma take faɗa wa jikoki suna da dangi a bayan teku, har ta sa wa wata jika da aka haifa laƙabi da sunan birnin.

Na sha aika tambaya ta bakin fatake masu zuwa Ikko, ko jirgin Bahiya na tashi, ko akwai wanda zai kai magana. Wani ya ce attajirin ya mutu, wani ya ce jiragen sun yi wuya, sai a shekara ba a ga ɗaya ba. Tsohon ya girme ni nesa, ni ma ga shi yau sai da sanda nake zuwa masallaci. Ina sa shi cikin addu'a tare da iyayena, da sunan da ya faɗa mani.